Duka na farko da biyun da suka biyo baya: a ina kare kai yake tsayawa?

Abu Hafsa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya, kuma don Allah kada a lallashe ni, a gaya mini gaskiya ko da ɗaci.

Shekaranjiya wajen ƙarfe 2 na dare ɓarawo ya hauro mana katanga. Maman Hafsa ce ta fara jin motsi ta taɓa ni. Na fito da guntun ƙarfen da muke tokare ƙofa da shi, sai muka yi kiciɓis a bakin ɗakin yara, da wuƙa a hannunsa. Ban tsaya wani tunani ba na sauke masa ƙarfen a hannu. Wuƙar ta faɗi, shi ma ya zube yana riƙe da hannun yana "don Allah, don Annabi". Ihun matata ya tara maƙwabta, aka ɗaure shi da igiyar shanya. Har zuwa nan zuciyata ba ta tuhumata da komai.

Abin da ya hana ni barci shi ne na bayan nan. Yana ɗaure a ƙasa na ƙara masa biyu, ɗaya a haƙarƙari ɗaya a gwiwa. Ba wanda ya sa ni. Da jama'a suka ga mai gida ya fara, kowa ya sa hannu, sai da wani dattijo ya kwanta a kansa kafin jami'an tsaro su iso. Yanzu yana asibiti, an ce gwiwar ta karye. Yaro ne, da ƙyar in ya kai 20.

Duka ukun nan hukuncinsu ɗaya ne a wurin Allah?

Garkuwa:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa gyara shimfiɗa ka yi barcinka. Wa ya aike shi? Mutum ya tsaya a ƙofar ɗakin 'ya'yanka da wuƙa, kai kuma kana nan kana ƙirga duka nawa ka yi masa? Hadisi na nan a Sahihu Muslim. Wani ya tambayi Manzon Allah (SAW): idan mutum ya zo zai ƙwace dukiyata fa? Ya ce kada ka ba shi. Idan ya yaƙe ni fa? Ya ce ka yaƙe shi. Idan ya kashe ni? Kai shahidi ne. Idan ni na kashe shi? Yana wuta. Kisa ma ke nan, balle gwiwa.

Ummu Khalil:
Alhamdu lillahi da Allah Ya tsare ku. Yaya maman Hafsa? Irin wannan firgici yakan daɗe bai saki mace ba. Yaran sun farka?

Abu Hafsa:
Babbar ta farka, ta ga komai ta taga. Jiya take tambayata me ya sa na ci gaba da dukan mutumin alhali yana kuka. Na rasa ta cewa.

Malam Abu Yasir:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Abu Hafsa, Allah Ya ƙara tsarewa. Tunda ka ce kada a lallashe ka: a'a, ba ɗaya ba ne.

Garkuwa, hadisinka sahihi ne, amma sake bin sa a hankali. Izinin faɗan rataye yake da sharaɗi: "idan ya yaƙe ni". Mutumin cikin hadisin yana tsaye da makaminsa yana faɗa. Na Abu Hafsa yana kwance, hannu da ƙafa a ɗaure.

Malaman fiƙihu suna kiran wannan babi daf'us sa'il, wato tunkuɗe mai farmaki. Sunan kansa ya ishe mu darasi, tunkuɗewa aka ce, ba hukuntawa ba. Ƙa'idarsu kuwa a fara da mafi sauƙi. In tsawa za ta kore shi ba a ɗaga sanda, in sanda ta isa ba a zare makami, in ba ya tunkuɗuwa sai da kisa to jininsa ya tafi a banza, ba ƙisasi ba diyya. Amma da zarar haɗarin ya kau, izinin ma ya kau tare da shi.

Akwai wani ɗan labari a Bukhari da Muslim da nake so saboda ƙanƙantarsa. Mutum biyu suka yi faɗa, ɗaya ya ciji hannun ɗaya. Wanda aka ciza ya fizge hannunsa, haƙorin gaban mai cizon ya fita. Mai cizon ya kai ƙara yana neman a biya shi haƙori. Annabi (SAW) bai ba shi komai ba, ya ce shin so kake ya bar maka hannunsa a baki kana gatsa kamar amale? To duba inda haƙorin ya fita: a wajen fizge hannu. Da a ce ya kuɓutar da hannun, sannan ya koma ya ɗauko dutse ya zubar masa da sauran haƙoran, ai magana ta canza.

Dukanka na farko fizge hannu ne. Ko da a nan take ya mutu ba ka da laifi. Biyun baya kuwa fushi ne, kuma haƙƙin mutum ne a wuyanka.

Garkuwa:
Allah gafarta Malam, haƙƙin ɓarawo? In an sallame shi gobe wani gidan zai haura. Gara ya tafi da tabon da zai riƙa tunawa.

Ɗalibar Fiƙihu:
Bari in sa baki, don kwanan nan muka wuce wurin a karatu. A Mukhtasar na Shehu Khalil an ce tunkuɗe mai farmaki ya halatta bayan an gargaɗe shi in mai fahimtar magana ne, ko da a kan dukiya ce, kuma nufin kashe shi ya halatta idan aka san ba zai tunkuɗu ba sai da hakan. Sai ya ƙara da cewa ba a ji masa rauni idan mutum zai iya kauce masa ba tare da wahala ba.

Amma Yaya Garkuwa, akwai abin da zai yi maka daɗi. A littafin nan dai, wanda ya shiga gida ya yi faɗa don ya ƙwaci dukiya ana lissafa shi ɗan fashi ne, muharibi, ba ɓarawo mai sanɗa ba. Hukuncin hiraba, wato fashi, kuwa yana Ma'ida aya ta 33, ya fi karayar gwiwa nauyi nesa ba kusa ba. Ba wai shari'a tana tausayin ɗan fashi fiye da mai gida ba ne. Wanda zai yanke hukuncin shi ne batun. Alƙali ne, bayan ya ji shaidu ya kuma ji ta bakin wanda ake tuhuma.

Ummu Khalil:
Malam, ni maganar gargaɗin nan ce ta tsaya mini. Mace tana gida ita kaɗai, namiji ya faɗo mata, sai ta tsaya tana "ina haɗa ka da Allah" sau uku? Kafin ta kai na biyu ai mai aukuwa ta auku. Wani lokaci in ana karanto sharuɗɗan nan sai ka ji kamar wanda ya tsara su bai taɓa jin tsoro ba.

Malam Abu Yasir:
Hajiya, tambayarki a kan hanya take. Gargaɗi na inda akwai sararin yin sa ne. Wanda ya riga ya kawo sara ba a tsayawa yi masa wa'azi. Kaucewar da 'yarmu ta ambata ma, masu sharhi sun ce sai in mutum zai tsira da kansa da iyalinsa da dukiyarsa. Ba a ce Abu Hafsa ya tsallake taga ya bar yara da mai wuƙa ba.

Batun mutunci kuma ya fi na dukiya tsanani. Dukiya, a wurin mafi yawan malamai, mutum na da zaɓi ya kare ko ya bari don ya tsira da ransa. Mutuncin mace kuwa kare shi wajibi ne, a kanta da kan duk wanda ke wurin yake da iko. An ruwaito a zamanin Sayyidina Umar wata yarinya ta jefi wanda ya nemi keta mata haddi da dutse ya mutu, Umar ya ce ba za a biya diyyarsa ba har abada. Hadisin Sa'idu bin Zaid kuma ya lissafa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa, da iyalinsa, da jininsa, da addininsa, duka shahidai ne.

Kada kowa ya fita daga nan da tunanin Musulunci yana son rago. Suratush Shura aya ta 39 yabo ne ga waɗanda in zalunci ya same su sukan kare kansu. Sai dai aya ta 40 ba ta bari an yi nisa ba, ta ce sakamakon mummuna mummuna ne kwatankwacinsa, wanda kuma ya yafe ya gyara ladansa na wurin Allah.

Garkuwa:
To ni dai in faɗi abin da ke cikina. Wannan laushin shi ya sa ake taka Musulmi a ko'ina a duniya. Kullum haƙuri, kullum "zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki". A kashe mana mutane, mu fito mu ce addininmu na zaman lafiya ne. Ba Allah ne Ya ce "ku kashe su duk inda kuka same su" ba? Ko an cire ayar daga Alƙur'ani ban sani ba?

Mai Kula da Zaure:
Garkuwa, a sassauta harshe. Tambaya a buɗe take, amma ban da tunzurawa.

Malam Abu Yasir:
A bar shi ya tambaya, gara a nan da a wani lungu.

Ba a cire ta ba ɗana, tana Baƙara aya ta 191. Amma "su" ɗin nan su wane ne? Koma baya taki ɗaya. Aya ta 190 ta ce ku yaƙi waɗanda suke yaƙarku saboda Allah, kada ku ƙetare iyaka, Allah ba Ya son masu ƙetare iyaka. Ita 191 ɗin da kanta ta ci gaba: ku fitar da su daga inda suka fitar da ku. Magana ce a kan mutanen da suka kori Musulmi daga Makka suka kuma biyo su da yaƙi. Aya ta 192 ta ce in sun daina, Allah Mai gafara ne.

Haka takwararta ta Tauba aya ta 5. Aya ta 4 ta keɓe mushirikan da ke da alkawari ba su saɓa ba, ta ce a cika musu. Aya ta 6 ta ce in wani mushiriki ya nemi mafaka a wurinka ka ba shi har ya ji maganar Allah, sannan ka kai shi inda zai aminta. Ka lura, ba a ce in ya musulunta ba. Raka shi za ka yi har wurin da ba abin da zai same shi. Wanda ya ciro ta tsakiya ya jefar da na gefe biyun, ba Alƙur'ani yake karanta maka ba, ransa yake karanta maka.

Kuma ka tuna an yi shekara 13 a Makka ba izinin ɗaga hannu. An kashe Sumayya, an shimfiɗa Bilal a rana da dutse a ƙirji. Khabbab ya zo wa Annabi (SAW) yana cewa ba za ka roƙa mana nasara ba? Aka ce masa kuna gaggawa ne. A daren mubaya'ar Aƙaba ta biyu wani daga mutanen Madina ya ce in ka so gobe mu auka wa mutanen Mina da takubbanmu, Annabi (SAW) ya ce ba a umarce mu da haka ba. Waɗannan ba ragwaye ba ne, su ne suka tsaya a Badar. Da izinin ya sauka, a Suratul Hajji aya ta 39, dalilin da aka ambata shi ne an zalunce su. Aya ta 40 kuma, wajen lissafa abin da za a rushe in ba a tunkuɗe azzalumai ba, ta ambaci ɗakunan ibadar ruhubanawa da majami'u da wuraren ibadar Yahudawa kafin ta ambaci masallatai.

Mai Nazari:
Malam, ina tare da kai a yawancin abin da ka faɗa, amma mu yi wa Garkuwa adalci. Wanda ya buɗe littattafan fiƙihu na da zai ga ba yaƙin kare kai kaɗai ke ciki ba. Akwai jihadin fita a tarar da abokan gaba a ƙasarsu, akwai jiziya a Tauba aya ta 29, akwai malaman tafsiri da suka ce ayar takobi, wato Tauba aya ta 5 ɗin nan, ta shafe ayoyin sulhu. Daular da ta kai Andalus a shekara ta 92 bayan hijira ba tsaron gida kawai ta yi ba. In muka ɓoye wannan, yaro zai je ya gani da kansa, daga ranar kuma ba zai sake yarda da mu ba.

Malam Abu Yasir:
Gaskiyarka, kuma ba zan ɓoye ba. Duk abin da ka lissafa yana nan a rubuce. Da'awar shafewa ma wasu sun yi ta, wasu manya kuma sun ƙi, suka ce kowace aya da halin da take aiki a cikinsa, har da Anfal aya ta 61 mai cewa in sun karkata ga sulhu kai ma ka karkata.

Tushen saɓanin, kamar yadda Ibn Rushd ya warware shi a Bidayatul Mujtahid, tambaya ɗaya ce: me ke halatta kashe wanda ba Musulmi ba a yaƙi, kafircinsa ko kasancewarsa mai iya yaƙi? Mafi yawa sun tafi a kan na biyu. Hujjarsu a fili take. An tarar da gawar mace a wani yaƙi, Annabi (SAW) ya ce wannan ai ba mai yaƙi ba ce, ya aika wa Khalid kada ya kashe mace ko ɗan ƙwadago. Da kafirci ne dalili, me ya raba ta da mijinta? Mumtahana aya ta 8 kuma ta ce Allah bai hana ku kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe ku ba su kuma kore ku daga gidajenku ba.

Waɗancan malamai sun yi rubutu ne a duniyar da dauloli ke zaune a kan yaƙi sai in an ƙulla sulhu. Yau ƙasashe suna zaune a kan yarjejeniyoyi, malaman zamani da yawa kuma a kan haka suke gina fatawarsu. Mutum na iya jayayya da su. Abin da ba zai samu ba, ko a wurin wanda ya fi kowa faɗaɗa babin, shi ne malamin da ya ce kowane saurayi da ransa ya ɓaci ya buɗe yaƙinsa. Yaƙi na shugaba ne. Hadisin ya ce shugaba garkuwa ne, a bayansa ake yaƙi. Ka ji sunanka ma a ciki, ɗana.

Ɗalibar Fiƙihu:
Ƙari a kan na Malam, wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu bin Abi Sufyan da zai tura shi Sham tana cikin Muwaɗɗa: kada ka kashe mace, ko yaro, ko tsoho tukuf, kada ka sare itace mai 'ya'ya, kada ka rushe wurin da ake zaune, kada ka yanka akuya ko raƙumi sai don ci, kuma ka bar masu ibadar da suka keɓe kansu. Risala ta Ibn Abi Zaid ma ta ce ba a kashe kowa bayan an ba shi amana. Wannan fa a tsakiyar yaƙi ke nan, wanda shugaba ya ɗaura wa tuta.

Sabon Shiga:
Ai shi ya sa Annabi (SAW) da ya dawo daga yaƙi ya ce mun dawo daga ƙaramin jihadi zuwa babba.

Ɗalibar Fiƙihu:
Yi haƙuri ɗan'uwa, wannan malaman hadisi ba su inganta shi ba. In ma'anar kake so, akwai na Tirmizi: mujahidi shi ne wanda ya yaƙi ransa. Akwai kuma Furƙan aya ta 52, wadda ta kira jihadi da Alƙur'ani jihadi babba, kuma a Makka ta sauka tun ba a zare takobi ba.

Baba Mai Carbi:
Ina ta karantawa a hankali, idon ya yi rauni. Garkuwa ɗana, na ji zafin da ke cikin maganarka, kuma ba ƙarya kake ba, ana zaluntar mutane. Amma ni na kwana biyu a duniya. Duk rikicin da na gani da idona, wanda ya yi kisan farko ba shi ake samu ba. Ya riga ya tsere. Wanda ake samu shi ne wani bawan Allah da ya fito neman abin kai wa yara, laifinsa kawai yarensu ɗaya ko addininsu ɗaya da wancan. Can su ma sai su tare wani naku da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kan mai uwa da wabi. Kowane ɓangare kuma in ka tambaye shi kare kai yake yi.

Malaminmu, Allah Ya ji ƙansa, yakan ba mu labarin Rijiyar Ma'una. Shekara ta 4 bayan hijira aka yaudari sahabbai wajen 70, makaranta Alƙur'ani, aka karkashe su. Annabi (SAW) ya yi wata guda yana alƙunutu a kan makasan. Amru bin Umayya ya tsira. A hanyarsa ta komawa ya haɗu da mutum biyu 'yan Banu Amir, ya bari suka yi barci ya kashe su, a zatonsa ya ɗaukar wa 'yan'uwansa fansa. Ashe suna da amana daga Annabi (SAW) bai sani ba. Da ya iso ya ba da labari, ba a ce masa sannu da ƙoƙari ba. Diyyarsu Annabi (SAW) ya ce zai biya. Gawa 70 tana ƙasa, ana neman kuɗin diyyar mutum biyu na wancan ɓangaren. Duk lokacin da malam ya zo nan sai ya yi shiru ya share ido.

Garkuwa:
Baba na ji, kuma ban san wannan labarin ba. Amma in hukumar ba ta zuwa fa? In ka kira ba a ɗauka ba, in an kama a sake? Sai mu naɗe hannu?

Malam Abu Yasir:
Ba wanda ya ce ka naɗe hannu. A wata ruwaya ta Nasa'i mai tambayar ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya: ka tuna masa Allah, in ya ƙi ka nemi taimakon Musulmin da ke kusa, in babu ka nemi hukuma. Ya ce in hukuma ta yi mini nisa fa? Ya ce to ka yi faɗa a kan dukiyarka har ka kare ta ko ka zama cikin shahidai. Ka ga an san da hukumar da ke nisa tun wancan zamani. Jama'a su tsare ƙofarsu, su yi sintiri, su mayar da wanda ya kawo musu hari, duk wannan tunkuɗewa ce. Su kwana su shirya su tafi garin da suke zaton daga can maharan suka fito su cinna masa wuta, wannan kuma wani abu ne daban. An'am aya ta 164: wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. Wuta ma an hana azabtarwa da ita, sai Ubangijinta.

Gazawar hukuma musiba ce, kuma za a tambayi masu riƙe da ita. Amma gazawarta ba ta mayar da ni da kai alƙalai. Mai fushi ba ya tantancewa. Usama bin Zaid, wanda Annabi (SAW) yake ƙauna, ya cim ma wani mutum a fagen fama, mutumin ya ce la'ilaha illallah, Usama ya soke shi yana ganin tsoron takobi ne ya sa ya faɗa. Kuma wataƙila hakan ne. Amma abin da ya ji shi ne: ka tsaga zuciyarsa ne? Aka yi ta maimaita masa har ya yi fatan a ce sai ranar ya musulunta. Miƙdad ya yi tambayar da ta fi wannan: mutum ya sare mini hannu, sannan ya fake da bishiya ya ce ya miƙa wuya ga Allah, in kashe shi? Aka ce kada ka kashe shi. Da Khalid ya kashe wasu 'yan ƙabilar Banu Jazima bisa kuskure, Annabi (SAW) ya ɗaga hannu ya ce ya Allah ba ruwana da abin da Khalid ya yi, har sau biyu. Khalid fa, takobin Allah.

Sayyidina Ali kuma, da Ibn Muljam ya sare shi a Kufa a shekara ta 40, ga mutumin a ɗaure a gabansa, wasiyyarsa ita ce a ciyar da shi a kyautata tsaronsa, in ya mutu a kashe shi shi kaɗai ba tare da an yi masa gunduwa-gunduwa ba.

Ummu Khalil:
Mun yi nisa har Kufa mun bar Abu Hafsa a tsaye. Malam, me zai yi yanzu?

Malam Abu Yasir:
Allah Ya saka, Hajiya. Abu Hafsa, ka tuba tsakaninka da Allah. Sai haƙƙin yaron: rauni yana da hukuncinsa a shari'a, ko ramuwa ko biyan diyyar raunin ko yafiya, gwargwadon irinsa, wannan kuma ba a yanke shi ta waya. Ka samu malami ko alƙalin da zai zauna da kai ya ji komai, har da na sauran da suka sa hannu, don ba kai kaɗai ka dake shi ba. Kafin nan, in kana da hali ka sa hannu a kuɗin maganinsa ka nemi ya yafe. Wannan bai hana ka tsayawa a kan ƙararka ba. Ka je ka ba da shaidar wuƙar da haurowar, kada ka rage komai, naka ma kada ka rage.

Garkuwa:
Kuɗin magani kuma? Wallahi wannan ta yi mini nauyi. Amma ba ni da aya a kai, na yi shiru.

Mai Nazari:
Ni dattijon da ya kwanta a kansa nake tunani. Shi ma daf'us sa'il ya yi, sai dai masu farmakin a lokacin su ne maƙwabta.

Abu Hafsa:
Na gode muku duka. Na je asibitin yau bayan la'asar. Yana kwance, ƙafar a naɗe, hannu ɗaya da ankwa a jikin gado. Da ya gane ni sai ya ja jikinsa ya manne da bango, ya ɗaga hannun mai lafiyar ya kare fuskarsa. Na ce ba duka na zo ba. Na ce na farkon ba na neman yafiyarsa, ko yau ka dawo da wuƙa zan sake. Biyun baya nake nema. Bai ce komai ba, har na gaji da tsayuwa.

Mahaifiyarsa na zaune a ƙasa bakin ƙofa. Ita ta karɓi takardar magani daga hannuna, ta ce an ce sai an yi aiki a gwiwar. Na biya abin da zan iya. Maman Hafsa ba ta ji daɗin zuwana ba, ta ce ita har yanzu wuƙar take gani in ta rufe ido, kuma ban ga laifinta ba. Ranar Litinin za a shiga kotu, an ce in zo da ƙarfen.

Ummu Khalil:
Hafsa fa, ka ba ta amsa?

Abu Hafsa:
Na gaya mata na farko don ita da ƙannenta na yi, na bayan kuma Abba ya yi kuskure. Ta ce to mutumin ya daina kuka? Na ce zan koma jibi in duba.